Daga ina mai rubutun zayyana yake samo abin da zai zana?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga unguwar Idi-Araba a Legas ta ce tana rubutun Larabci na ƙawa, tana kuma zane, wani a takarda wani a kwamfuta, tana yi wa mutane na ratayawa a falo da na kyautar biki. Damuwarta ita ce duk abin da ta gama sai ta ga ya fito kamar na Turkawa da Larabawan da take kallo a Instagram, wani lokaci kuma kanta ya ƙafe ta rasa abin yi. Tana so ta san inda masu wannan sana'a suke samo basirar aikinsu, da yadda za ta yi aikinta ya zama nata.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya yi wa hannunki albarka. Abin da kika faɗa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya riƙe alƙalami da niyyar sana'a. Hannu ba ya fitar da komai sai abin da ido ya daɗe yana sha. In kullum dare aikin mutanen Istanbul da Alƙahira kike kallo kafin ki kwanta, da safe shi hannunki zai kawo miki, sai dai ya zo a raunane, domin su a gaban malami suka koya, ke kuwa a fuskar waya kika gani. Don haka a wurina maganar basira magana ce ta abin da kike ba idonki. Akwai kuma abin da ya fi kusa da ke wanda ba ki ambata ba ko sau ɗaya: rubutun ƙasarmu.

Ki nemi Alƙur'ani rubutun hannu, irin na alarammomi. Ba sai kin je Kano ko Maiduguri ba. A Agege, da Alaba Rago, da Mile 12, har nan unguwarku, akwai alarammomin da suka baro Arewa da nasu a gafaka. Ki sa Baba ko yayanki ya nema miki izini wurin ɗaya daga cikinsu, ki je da alwala, ki bar shi da kansa ya kwance igiyar fatar ya buɗe miki. Farkon abin da za ki lura shi ne ba a ɗinke shi ba. Warƙoƙi ne a sake, babu lambar shafi, sai kalma guda da aka ajiye a ƙasan warƙa, wadda ita ce za ta fara ta gaba, ta haka ake gane jerinsu in sun hargitse.

Sai ki sunkuya ki kalli baƙaƙen. Masu kauri ne, baƙi wuluk, a zaune daram bisa layi, ba su da siririn ƙugu irin na rubutun gabas. Fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, nun ɗin ƙarshen kalma ta buɗe kwanonta ta ratsa ƙarƙashin kalmar da ke biye da ita. Wasula da jan tawada. Hamza ɗigo ne mai ruwan ɗorawa, alif ɗin da ake wucewa a kansa wajen haɗa karatu kuma an yi masa kore. Kowane launi da aikinsa, tun da ruwayar Warshu ake rubutawa kuma mai karatu yana dogara da su, amma in kika ɗan ja baya kika kalli shafin gaba ɗaya za ki ga baƙi ya ɗauki nauyi, ja yana yawo a tsakani, rawaya tana walƙiya nan da can. Wannan tsarin launi ne cikakke, kuma ban ga abin da na Turkawa ya fi shi ba. Ƙarshen aya 'yan da'ira uku ne a haɗe, aya ta biyar kumsa, ta goma kuri. Sai gefen shafi, inda hannun marubuci yake sakewa. Izu sittin ne, kowanne sumuni takwas, ke nan alamomi 480 ne yake zanawa a gefe, ban da na wuraren sujada, kuma gwani na ƙwarai yakan yi ƙoƙari kada ya maimaita zane. Wata da'ira an raba ta gida huɗu, wata an saƙa igiya a cikinta, wata an kewaye ta da haƙora. A manyan rabe-rabe, kamar farkon suratu Maryam da suratu Sad, za ki tarar da babbar zayyana mai kusurwa huɗu, saƙaƙƙiya, ja da rawaya da baƙi. Littafi guda ya ishe ki aikin shekara.

Wannan hannu yana da asali. Jijiyarsa tana komawa ga tsohon rubutun Kufi, ta hanyar Arewacin Afirka, kuma a Barno ya zauna ya yi kamanninsa. Cikin tsofaffin Alƙur'anan Barno da masana suka yi nazari akwai mai ɗauke da kwanan wata na 1669. Daga baya Kano ta fitar da nata salon, shi ya sa za ki ji ana cewa Barnawi da Kanawi. Takardar da magabata suka yi amfani da ita ma daga Italiya take zuwa ta hamada, in aka ɗaga ta a haske ana ganin tambarin jinjirin wata uku a jikinta. A zamaninmu an yi Sharu Bala Gabari a Kano, wanda aka buga rubutun hannunsa ya bazu ko'ina. In ba ki samu na hannu ba, bugun Warshu irin wannan da ake sayarwa a bakin masallatai ma makaranta ne. Yana yi mini ciwo in ji ɗan Bahaushe da ya yi karatun zane yana kiran wannan rubutun almajirai, da raini, alhali manyan ɗakunan karatu a Turai suna ajiye shi suna alkintawa.

Ko sunayen da aka koya mana a makarantar allo, lokacin babbaƙu, na masu zane ne: ambaki wofi, ɗa mai hannu, mim jaye, ba guje, shin mai ruwa. Wanda ya raɗa su ya kalli baƙi ya ga baki, ya ga hannu, ya ga gudu. Ke da kike haɗa rubutu da zane, wannan idon kike bukata.

Kada ki ɗauka ina hana ki rubutun gabas. Sulusi da Naskhi da Diwani ilimi ne babba. Tun Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a 940, aka ɗora shi bisa awo: ɗigon da bakin alƙalami ya yi shi ne ma'auni, kowane baƙi yana da adadin ɗigon tsayinsa da na faɗinsa, alif ɗin Sulusi wajen ɗigo bakwai. Turkawa irin su Shehu Hamdullah, wanda ya rasu a 1520, da Hafiz Usman, wanda ya rasu a 1698, suka ƙara tace shi. Har yau ɗalibi yakan daɗe yana maimaita addu'ar Rabbi yassir da baƙaƙe ɗai-ɗai, malami yana gyara masa da jan tawada, kafin shekaru su ja a ba shi ijaza, wato shaidar malami cewa ya ƙware. Abin da kike gani a waya ƙarshen wannan doguwar tafiya ne. Mai kwaikwayonsa daga hoto kamar mai koyon girki ne da kallon abincin da aka riga aka zuba a faranti. In ranki yana son Sulusi, ki nemi malami, ko da ta intanet ne, ki bi ƙa'idarsa daga alif. Legas ba ta rasa masu kyan rubutun gabas ba, musamman cikin 'yan'uwanmu Yarabawa da suka fito daga makarantun Larabci irin Markaz ta Agege, wadda Shehu Adamu Al-Ilori ya kafa. Abin da ba na so shi ne a tsinci wutsiyar Diwani a liƙa wa kan Barnawi tun ba a iya ko ɗaya ba.

Wasu sun riga ki shiga wannan ruɗani. Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen 1930, ya yi karatun zane a Landan, ya dawo Khartum ya baje aikinsa, mutanen garinsu ba su kula ba. Sai ya koma ga abin da ya tashi a cikinsa, allo da tawada na makarantar mahaifinsa, da adon da talakawa suke yi wa kayansu, ya riƙa warware baƙaƙe har siffofi suka fito daga cikinsu. Da wannan aikin duniya ta san shi, har gidan Tate na Landan ya yi masa babban baje koli a 2013. A nan gida ma, a 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya don ƙin yarda a koya musu idon Bature kaɗai. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Bruce Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo, Yusuf Grillo ɗan Legas ga rayuwar Yarabawan cikin gari, shi ne kuma ya daɗe yana jagorantar sashen zane a kwalejin Yaba. Victor Ekpuk, wanda ya yi aikin zane a jaridar Daily Times a nan Legas, ya gina sunansa kan alamomin nsibidi na mutanensu. Kowannensu gida ya waiwaya. Mu da muke da rubutu na ɗaruruwan shekaru, har yanzu masu yin haka da shi ba su da yawa, kuma wannan fili ne a buɗe gare ki.

Bayan littafi, sai sana'o'in hannu. Ki ɗauko babbar rigar Baba ki shimfiɗa ta a ƙasa, ki bi aska takwas ko aska biyu da yatsa, ki ga yadda mai ɗinki ya tara nauyin aiki a aljihu da kafaɗar hagu ya bar ɗaya ɓangaren ya huta. Wannan darasi ne a kan inda ake cikawa da inda ake bari. Ki dubi dagi, ki gwada zana shi ba tare da ɗaga alƙalami ba, ki gane wane zare ne ya hau, wanne ya shige ƙasa. Akwai ɗinkin hula, akwai aikin dukawa a jikin jar fata, akwai sassaƙar ƙwarya. Lalle kuwa ke kika fi ni saninsa. Abin da zan ce kawai shi ne mai ƙunshi ta san yadda layi yake bin jikin da ba shimfiɗaɗɗe ba, kuma ba kowane mai takarda ya san wannan ba. Sai zanen bango na Zariya da Kano, inda nake so ki tsaya kaɗan. Maginan ƙarnin da ya wuce, bayan dagi da saƙa, sun sa keke da agogo da mota da jirgin sama a fuskar gidaje, suka sarrafa su har suka zauna cikin adon kamar da ma can nasa ne. Wato abin da ke wucewa a ƙofar gida shi suka ɗauka. Ke abin da ke wucewa a ƙofar gidanki Legas ce.

Ki je Mile 12 da sassafe lokacin da manyan motoci suke sauke tumatir da albasa da tattasai, ki zagaya bayansu. Masu fentin nan ba su shiga aji ba, amma ki kalli yadda suke yi wa baƙi inuwa ta gefe ɗaya har ya taso daga jikin katako, yadda launi yake farawa da ja a sama ya narke ya koma rawaya a ƙasa, yadda suke matse doguwar magana ta shiga tsakanin ƙarafa biyu kuma a karanta ta daga nesa mota tana gudu. Ba na jin akwai malamin da ya fi su sanin girman baƙi da tazararsa. Motar haya ta danfo ma haka, rawaya da baƙin layi, da rubutun da direba ya zaɓa wa kansa a gilashin baya. Ki shiga kasuwar Balogun ki ga yadda 'yan kasuwa suke jera atamfa launi kusa da launi. Ki nemi adire na gaske, wanda ake zana wa kullun rogo da gashin kaza kafin a tsoma shi a baba: an raba zanen gida-gida, kowane gida da nasa ado, tsarin da ba shi da nisa da allon zayyana na saukar karatu, kuma shuɗinsa ɗan'uwan na marinar Ƙofar Mata ne. In kin tsallaka cikin gari, ki tsaya gaban masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, ki ga fuskar da aka yi masa da salon ginin waɗanda suka dawo daga Barazil. Gidan tarihi na Onikan ma yana nan kusa. Ki riƙa yawo da ɗan littafi da fensir. Hoton waya yana da amfani, amma abin da kika zana da hannu a wurin, ko a karkace, shi ne yake zama a kanki.

Yanzu maganar da za ki rubuta, domin ita ma tushe ce, wataƙila ma ta fi sauran. Yawancin masu farawa ayoyi uku ko huɗu suke ta juyawa, waɗanda kowa yake yi, shi ya sa aiki yake kama da juna. Kuma aya tana da hurumi. Ba na goyon bayan a murɗa ta a cusa cikin siffar tulu ko fure har kalmomi su sauya wuri, mai karatu ya kasa sanin ta ina zai fara. Ba na kuma sa ta a katin biki, ko riga, ko kofi, tun da na san inda katin biki yake ƙarewa bayan an watse. In za ki rubuta aya, ki rubuta ta a sarari, ki kai wa mahaddaci ya duba kafin ta fita daga hannunki. Inda kike da 'yancin wasa shi ne ajami. Karin magana, kirarin gari, baitin waƙar da kakarki take rerawa, sunan jariri, duk naki ne, ki ja su ki lanƙwasa yadda kika so. Ajami yana da nasa kayan ado: ɗigo uku da ake ɗorawa don a fitar da tsa, da ɗigon ƙasa mai ba da wasalin e, wanda aka aro daga Warshu. Da shi Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta, kuma yana nan a aljihunki a jikin naira 200 da 500 da 1000, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardun kuɗi a 2007. Bahaushen da ya shekara ashirin a Legas, in ya ga maganar garinsu da rubutun da ya koya yana yaro a rataye a bango, abin da yake ji daban ne da abin da yake ji in ya ga kayan da aka shigo da su daga Dubai.

Ki bar ma'ana ta zaɓa miki siffa. Kalmar haƙuri tana son layi mai tsawo da fili a kewaye, kirarin sarauta yana son kauri da cunkoso. Mai ba ki aiki shi ma ki tambaye shi. In uwa ta ce ki rubuta sunan ɗanta, ki ji 'yan ina ne, mece ce sana'ar gidansu, sunan wa aka mayar. In gidan maɗinka ne ga aska, in Barebari ne ga adon hularsu, in masunta ne ga saƙar koma. Da haka suna ɗaya zai fito miki ta fuska goma.

Zanen mai rai kuwa malamai sun yi magana a kansa da tsawo, ki tambayi malaminki ki tsaya inda zuciyarki ta natsu. A matsayina na mai zane, abin da na sani shi ne kwalekwalen Makoko, da ƙafafun gadar Third Mainland a cikin ruwa, da kwandunan tumatir, da hasumiyoyin babban masallacin Legas sun isa su cika littattafai.

Na bar kayan aiki a ƙarshe don su ne maganin ƙafewar kai da kika ambata. Ranar da kika rasa abin yi, kada ki buɗe waya. Ki sa a kawo miki karan gamba daga gida, ki fiƙe alƙalami da kanki, ki tsaga bakinsa, ki ɗauki baƙi ɗaya ki cika shafi da shi, babba da ƙarami, a hankali da sauri. Kowace fiƙa tana ba da layinta, kuma sau da yawa daga wata lanƙwasa da ba ki nufa ba aiki na gaba yake fitowa. Kwamfuta ba ta yi miki wannan, domin layinta ɗaya ne kullum. Ki fara a takarda, ki ɗauki hotonsa, sannan ki ƙarasa a can. Ki koyi haɗa tawada iri biyu: ta allo, ta gawayi da ƙaro, wadda ruwa yake wankewa, da ta takarda, wadda ake jiƙa bagaruwa da kashin maƙera har ruwan ya yi baƙi, ita kuwa kama takarda take yi. Sai dai ki sani awon Arewa ba ya aiki a nan. Tawadar da take bushewa nan take a hunturun Kano, a damunar Legas sai ta wuni tana danƙo, takarda ta kumbura ta yi tudu, wadda aka jingina da bango kuma ta yi fumfuna. Ki rage ƙaro, ki nemi takarda mai kauri, ki ajiye ayyukanki a kwance da farar takarda a tsakaninsu, nesa da bango, kada kuma ki rufe aiki a gilashi sai ya bushe sarai. Kafin ki fara babban aiki ki ja layi biyu a guntun takardar da za ki yi amfani da ita, ki bar shi ya kwana. In da safe kin ɗora yatsa ya kama, ƙaron ya yi yawa, ki ƙara ruwa ki sake gwadawa.